Sa Hannun Halliru Mai Inji

Duk wanda ya shigo Wurno da injin ban-ruwa ɗaure a bayan babur, ba sai ya yi tambaya ba, 'yan kabu-kabu za su nuna masa rumfar Halliru da baki. Rumfar kwano ce a gindin bishiyar bedi, da benci biyu, da randar ruwa, da tarin matattun injuna da ya ƙi sayar wa 'yan gwangwan, wai wata rana za a nemi wani abu a jikinsu. Ni Malam Abdulganiyu, ƙofar gidana na kallon rumfar. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da 'yan firamare, da na yi ritaya na ce to, ni da biro mun rabu ke nan. Ashe Halliru na nan yana jirana da wani aikin.

Shi mutumin Sisawa ne, ɗan manoman gero. Yana saurayi aka fara ginin madatsar ruwa ta Goronyo, ya bi 'yan garinsu ya tafi aikin lebura. Kwana uku ya yi yana ɗaukar kwanon kankare. A rana ta huɗu ya ga wani tsohon bakanike yana kwance injin janyo ruwa, ya tsaya kallo da kwano a ka har aka sallame shi daga aikin. Bakaniken ya ji tausayinsa, ya ce ya zo ya riƙa miƙo masa sifana. Daga miƙo sifana ya kai ga kwance inji ya mayar ko bai duba ba. Da noman rani ya bunƙasa a fadamarmu, kowa ya ajiye jigo ya sayi inji, sai ya dawo Wurno ya kafa rumfa, ya yi aure, ya tara iyali, ya yi furfura yana warin fetur. Boko kam ko aji ɗaya bai taɓa shiga ba. Ajami yake rubutawa, shi ma sai ka yi da gaske kafin ka karanta.

To, sai ga makarantun fasaha sun fara turo masa ɗalibai masu karatun injiniya, su yi wata huɗu suna koyon aiki da hannu. Kowane ɗalibi yana zuwa da littafi, a rubuta abin da ya yi duk mako, a ƙarshe maigidan wurin ya faɗi ra'ayinsa ya sa hannu. In babu wannan sa hannun, ɗalibi sai ya maimaita shekara. Nan ne aka tuna da ni. Halliru ya faɗa da Hausa, ni in juya da Turanci in rubuta, shi kuma ya damƙi biro kamar zai soke wani da shi, ya zana sunansa da ajami a ƙasa. Ladana shayi ne, kuma ban taɓa rasa shi ba.

Abin da ya daɗe yana ba ni haushi da shi, rashin sauri. Manomi zai zo a sukwane, albasarsa na jin ƙishi, Halliru ba zai ko kalli injin ba. Sai ya sa mutum ya zauna, ya ɗebo masa ruwa a randa, ya gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi albasa kwananta nawa da dashe, wa ke taya shi ban-ruwa, wace hanya ya biyo. Na sha gaya masa wannan ba gyara ba ne, hira ce, in kuma hirar yake so ya koma wanzanci. Sai ya yi dariya ya ci gaba. Sai da na yi shekaru a bencin nan na lura cewa kafin ya ɗauki sifana ya riga ya san inda zai kwance, kuma a bakin mai injin ya ji, ba tare da mutumin ya san ya faɗa ba. Ɗalibai kuwa wannan ɓangaren ne ke gundurarsu. Za ka gan su tsaye suna karkaɗa ƙafa, suna jira a gama gaisuwa a fara abin da suke kira aiki.

A cikinsu duka ba wanda ya kai Mahbuba. 'Yar Rabah ce, ta sauka wurin gwaggonta a nan Wurno, kuma ita ce mace ta farko da aka taɓa turo masa. Ranar da ta zo 'yan benci suka yi ta ƙus-ƙus. Ita ko kallonsu ba ta yi ba, ta ɗora rigar aiki a kan hijabinta, ta kwance kafiretan wani inji da ya gagari mutum biyu, ta busa, ta mayar, ta ja igiya sau ɗaya ya tashi. Daga ranar suka sa mata suna Injiniya. Kanta na ja, aikinta na da tsabta, ba ta san ƙyuya ba. Aibinta ɗaya: abin da ta gani shi take faɗa, a lokacin da ta gan shi, ko a gaban wa. Ni kam wannan hali ya burge ni, don ni ma haka nake, shi ya sa ban taɓa zama hedimasta ba.

Saura mata mako uku ta gama, sai Almustapha ya kawo injinsa karo na uku cikin wata guda. Almustapha manomin albasa ne, mutum mai sanyin hali, irin wanda in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Ciwon injin kullum ɗaya: farfelar da ke tura ruwa ta cinye, robar da ke tare ruwa ta yage, cikinsa cike da rairayi. Mahbuba ce ta yi gyaran farko da na biyu. Ta kuma san rijiyar bututun da ke lambunsa, don a makonta na farko Halliru ya kai ta can ta ga yadda ake gwada rijiya, ruwan garai-garai yake fitowa. Saboda haka da ta buɗe injin a karo na uku ta sake ganin rairayi, sai ta kwaso shi a tafin hannu, ta zo gaban benci, mutum wajen takwas na zaune, ta miƙa masa kusa da fuska.

"Wanga rairai ba daga rijiyakka yah hito ba," in ji ta. "Wani kaka ba aron injin ga, kuma shi ka kashe maka shi. Wane na? Hwaɗa muna sunanai, a hana shi."

Duk wanda ke wurin, har da ni, ya san amsar. Surukinsa ne, Malam Uwaisu, uban matarsa, wanda lambunsa ke jikin nasa, wanda kuma nasa injin ya mutu tun bara. Kowace safiya tsohon kan ɗauki na Almustapha ya fara ba nasa lambun ruwa. Rijiyar lambun tsohon kuwa, wadda rairayin ke fitowa daga cikinta, shi ya tsaya aka kafa masa ita shekaru da yawa da suka wuce, yana alfahari da ita, yana cewa babu irinta a duk fadamar. To ka gaya mini, wane ɗan mutunci ne zai buɗe baki a bainar jama'a ya kama sunan surukinsa, sunan da ko a ɗakinsa ba ya faɗa, ya ce shi ke lalata masa kaya? Almustapha ya sunkuyar da kai, ya ce ya tuna ana jiransa a gida. Ya tattara injin a kwance yadda yake, ya zuba a buhu, ya ɗaure a babur ya tafi. Washegari muka ji ya kai shi Goronyo an gyara masa.

Halliru bai yi mata faɗa ba, ko fuska bai canza ba, har na ɗauka maganar ta wuce. Ranar Alhamis, ranar da nake cika littafin, na buɗe shafin ƙarshe na ce tunda saura kaɗan mu rubuta ra'ayinsa tun yanzu a huta. Ya ce in rufe.

"Ba ni sa hannu, Mallam, sai Almustapha ya dawo rumhwag ga da ƙahwatai. Ba kiranai za a yi ba, ba aike za a yi mai ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa yarinyar nan ta fi duk waɗanda ya sa wa hannu a baya, har da wanda ya taɓa zuba fetur a wurin baƙin mai. Na tambaye shi ko ƙarya ta yi. Na tambaye shi ko zai sa ta maimaita shekara guda don ta faɗi abin da duk garin ya sani. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba na so in maimaita su. Ya bar ni na gama, yana ta goge fulogi.

"Gaskiya tah hwaɗi," ya ce. "Amma injin ya tahi cikin buhu, mai shi ya tahi da kunya, rairan kuma na nan cikin rijiya. Mi anka gyara?"

Sai daga baya, da na huce, ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Farkon kafa rumfarsa, ya taɓa ce wa wani dattijo a gaban mutane wai gauraya fetur da kananzir da ya yi ne ya kashe masa inji. Gaskiya ce, amma dattijon bai sake takowa ba, kuma lokacin babu wani mai gyara a kusa. Tafarnuwarsa ta bushe a gona a waccan shekarar. Halliru ya ce har yau in ya bi ta gefen gonar nan ba ya iya kallonta. Ban ce masa ya yi daidai ba, amma na daina ɗaga murya.

Mahbuba dai tana bayan rumfa lokacin da muke gardamar, ta ji komai. Ta fito ta tambaye shi abin da za ta yi. Ya ce ai ita ce injiniya, shi ba zai gaya mata ba. Abin da ya sani kawai, ciwon ba a injin yake ba, kuma mutum biyu ne a cikin maganar, ba wanda za a kunyata a cikinsu.

Gyaran rijiyar bai ba ta wuya ba. Cikin yini ɗaya ta gane cewa rariyar da ke ƙasan tsohon bututun ce ta fashe, shi ya sa rairayi ke shiga. Magani shi ne a samu bututun roba da bai kai tsohon faɗi ba, a tsattsaga ƙasansa da zarto, a naɗe da raga mai ƙananan ido, a zura shi a ciki. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yadda za ta taɓa rijiyar Malam Uwaisu ba tare da ta ce masa rijiyarsa ta lalace ba. Da farko ta ce za ta rubuta masa takarda. Na ce ba ya karatun boko, wanda kuma zai karanta masa shi zai baza maganar a gari. Sai ta ce za ta bi ta wurin 'yarsa, matar Almustapha. Halliru ya ɗaga gira kawai, ta gane da kanta cewa wannan kai wuta cikin gidan aure ne. A rana ta uku ta shigo rumfa da fara'a, ta ce ta samo hanya: ba taimakonsa za ta je yi ba, taimako za ta je nema.

Ranar Asabar da hantsi muka hau motar da ke shiga fadama ɗauko albasa, mu uku, da bututunta da ragarta. Muka tarar da Malam Uwaisu zaune a bakin bukkarsa, injin Almustapha na gefe, ya gama aikin safe. Shi Almustapha yana can cikin nasa lambun. Da ya hango mu sai ya duƙa cikin albasa, kuma bai sake ɗagowa ba, kai ka ce allura ya yar.

Mahbuba ta durƙusa ta gaishe da tsohon. Ta tambayi gida, ta tambayi gwiwarsa, ta tambayi albasa, ta tambayi shekarar da ruwan gulbi ya cinye fadama. Daga nan ya shiga labarin rijiyarsa, yadda aka kafa ta, su wa suka kafa, abin da aka ci a ranar. Da ya kai ƙarshe sai ya koma farko. Ta saurara duka, har tana tambayar abin da ya manta. Wannan karon ni ne nake karkaɗa ƙafa, rana na dukana, ina hararar Halliru, shi kuwa yana ta murmushi yana tsinkar ciyawa. Sai da tsohon ya gaji don kansa sannan ta yi magana.

"Baba, alhwarma niz zo nema. Wata rariya niƙ ƙera, ina son in gwada ta cikin tsohuwar rijiya wadda tad daɗe tana aiki, an kuwa ce mani duk hwadamag ga babu wadda tak kai taka daɗewa. In aikin ga bai yi ba, Baba Halliru ba shi sa mani hannu, sai in maimaita shekara."

Na auna maganar a zuciyata, ban sami ƙarya ko ɗaya a ciki ba. Malam Uwaisu ya juya kan Halliru ya wanke shi tas. Ya ce tun zuwansa Wurno ya san shi da taurin kai, yanzu kuma ya koma wahalar da ɗiyan mutane. Ya ce da Mahbuba rijiya tata ce, in ta ga dama ta cire ta ta kai Rabah. Halliru ya sha faɗan nan yana cewa a yi haƙuri, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Gwajin farko bai yi ba. Tana tura bututun, ragar ta zame ta tattare wuri ɗaya, don da waya ta ɗaure ta. Ta ciro, ta sake ɗaurewa, ta sake zamewa. Tsohon ya yi dariya har da tari. Ashe dangin uwarsa masunta ne, a bakin gulbin Rima ya yi ƙuruciyarsa. Ya ce ta jefar da wayar nan, ya shiga bukka ya fito da zaren koma, ya zauna ya ɗora bututun a cinya. Ya ninka ragar biyu a ƙasa, ya toshe bakin, ya bi ta da irin ƙullin da masunta ke yi, wanda in an ja shi ƙara kamawa yake. Ta ce ya sake yi a hankali ta gani, ya sake har sau uku, yana ce mata duk bokonta ba ta iya ƙulli ba. Ta zana ƙullin a littafinta ta rubuta sunansa a gefe, ta karanta masa ya ji.

Aka zura bututu, aka haɗa tiyo, aka tayar da inji. Ruwan ya fara fitowa ja, can ya washe. Mahbuba ta tara farin kwano ta bar shi ya kwanta, ta tsiyaye a hankali, ba ko ƙwayar rairayi a ƙasa. Malam Uwaisu ya karɓi kwanon ya shafa cikinsa da yatsa. Ya daɗe yana kallon lambun surukinsa, sannan ya ce ruwan ya ƙara haske. Na tabbata ya gane komai a lokacin, kuma na ji daɗi da ba wanda ya sa shi ya faɗa.

Muka koma muna jiran Almustapha. Mako ya wuce, shiru. Kwana goma, shiru. Sai a nan abin ya faɗo mini, na dafe kai na ce da Halliru ya ga irin sharaɗin da ya kafa? Mutum ba ya zuwa wurin mai gyara sai injinsa ya lalace, yarinya kuma ta yi aikin da injin ba zai sake lalacewa ba. Wato iyawarta ce za ta kayar da ita. Halliru ya cire hula ya sosa kai, na ga alamar shi ma bai hango wannan ba, amma taurin kai ya hana shi janyewa. Malamin da zai karɓi littafin daga makarantarsu kuwa ranar Alhamis zai zo. Na ce zan bi ta lambun Almustapha kamar wucewa nake yi, in ɗan yi masa tari. Mahbuba ce ta hana ni. Ta ce in an kira shi, kunya ta biyu aka ba shi. Ta faɗi haka tana wanke noti a cikin kananzir.

Ranar Laraba bayan la'asar, benci cike, sai ga babur ya tsaya. Almustapha ne, da inji a baya. Ya sauke shi, bai kalli kowa ba, ya ce wata 'yar ƙara yake ji a ciki.

Mahbuba ta ce ya zauna. Ta ɗebo masa ruwa, ta gaishe shi, ta tambayi gida, ta tambayi albasa ko ta fara ƙwai. Sannan ta buɗe injin. Ina zaune kusa, na leƙa. Cikinsa fes, farfela lafiya, roba lafiya, babu abin da ya same shi. Mutumin nan ya rasa yadda zai zo ya yi godiya ba tare da ya tona maganar surukinsa ba, shi ne ya ɗauko lafiyayyen inji ya sha hanya da shi. Na san bakin Injiniya, kuma duk benci ita yake kallo. Ta daɗe tana duba injin. Sai ta ɗauki sifana, ta sassauta wani noti da hannunta ina kallo, ta sake ɗaure shi da ƙarfi har da cije leɓe.

"Wani noti na yas saki," ta ce. "Ka kyauta da kak kawo shi da wuri."

Almustapha ya ce dama ya faɗa, kunnensa ba ya yi masa ƙarya. Ya tayar da injin ya saurara, ya ce yanzu kam ƙarar ta tafi. Da zai hau babur ya ɗan tsaya, ya yi ƙasa da murya ya ce mata, "Baba na gaishe ki."

Ƙurar babur ɗin ba ta kwanta ba Halliru ya ce in ɗauko biro. Na buɗe shafin ƙarshe na gyara tabarau.

"Rubuta, Mallam. Ta iya inji tun kahin ta zo, ban ƙara ta da komi ba. Yanzu ina iya barin ta da mutanena in tahi, hankalina kwance."

Na yi shekaru ina juya maganarsa da Turanci, amma wannan sai da na yi ta gogewa, kuma har yau ban gamsu da abin da na rubuta ba. Ya karɓi biro ya zana sunansa a hankali, ya hura wa tawadar iska ko da yake ba ta buƙata, ya miƙa mata littafin da hannu biyu. Ni dai idona ya cika da ƙwalla, ban kuma ɓoye ba.

Ranar Asabar ta koma gida. Halliru ya raka ta har tasha, abin da bai taɓa yi wa wani ɗalibi ba, ya tsaya har motar ta sha kwana. Da ya dawo ya zauna a benci kusa da ni, bai buɗe akwatin sifanu ba sai bayan azahar.